Gitar ta rakiya: ginshiƙin da ba a yi wa tafi

A wurin biki, daga Bazaga zuwa Ƙonni, Malbaza da Illela, idanun jama'a a kan mai solo suke. Shi ake yi wa guɗa, shi ake yi wa liƙi. Amma a bayansa akwai wani, mai gitar ta rakiya, wanda idan hannunsa ya kauce, rawa ta watse. Yaranmu da yawa solo kaɗai suke son koyo, alhali kuwa sai da bango ake zane.

Mu dubi Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya haɗa gitar tasa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na "Anar" a 2008, cikin salon waƙoƙin Hausa na zamani, suka yaɗu daga salula zuwa salula. Bayan "Afrique Victime" a 2021, sunansa ya cika Amurka da Turai. Amma duk gudun yatsunsa, a kan bugun Ahmoudou Madassane, mai rakiyarsa, yake tafiya. Shi Ahmoudou ya kuma yi rakiya wa "Les Filles de Illighadad", ƴan matan karkarar Abalak, waɗanda suka ɗora kiɗan tende a kan gitar. Salo biyu, hannu ɗaya.

Asirin yana ga hannun da ke bugun tsirkiya. A kiɗan Abzinawa, babban yatsa yana nanata tsirkiya mai kauri ba fashi, sauran yatsu suna amsawa. Takamba tana tafiya uku-uku, cikin natsuwa. Rege yana barin bugun farko, ya sara a tsakani. Rumbar Kwango kuwa tsinkar tsirkiya ake yi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san ƙirgar kowane, ba ya rasa aiki.

A ƙasar Ƙonni malami yana kusa. Mai koyo ya zauna gefen makaɗin kalangu ko gurmi, ya riƙe bugu ɗaya har ya zauna masa a hannu, sannan ya ƙara sauri. Tafin mata da luguden turmi ma darasi ne. Mai neman ƙari, akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya a Yamai, wadda aka buɗe a 1989.

Saura ku, alhazai ƴan kasuwa da ma'aikata, da kuke ɗaukar makaɗa ranar aure ko suna. Muddin kuɗin liƙi a goshin mai solo kaɗai suke sauka, ba yaron da zai yi haƙurin koyon rakiya. In an tashi sallamar makaɗa, a tuna da na baya.