WUTAR MOTA TANA DA LOKACINTA

Ngelbeli tana arewa da Maine-Sorowa, cikin jihar Difa. Ƙasa ce ta makiyaya, ga tuddan rairayi, ga nisa tsakanin rijiya da rijiya. Kwalta ba ta kai can ba. Babbar hanya mai lamba 1 ta bi ta Gure, da Maine-Sorowa, da Difa, ta nufi Gigime. Wanda ya sauka daga kanta ya nufi arewa, sai raƙumi ko mota kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu.

Waɗannan motoci su ke ɗaukar ƴan kasuwa da dabbobi. Su ke kai hatsi da tattasan bakin Kumadugu. Su ke kai maras lafiya da mai naƙuda asibiti. Wasunsu sun tsufa ƙwarai. In tsohuwar mota ta mutu tsakiyar rairayi da rana tsaka, ba direba kaɗai ke shan wuya ba. Duk wanda ke ciki ya shiga haɗarin ƙishirwa.

Sau da yawa abin da ke kashe ta ƙaramin abu ne: wutar inji ba ta zuwa kan lokacinta.

WACE MOTA AKE NUFI?

Ana nufin tsohuwar mota mai shan fetur, wato isansi. Misali Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Samfurinta na uku an yi shi daga 1971 zuwa 1985. Akwai kuma Toyota Land Cruiser ta Japan, samfurin FJ40 da FJ45, mai silinda shida.

Mota mai shan gazuwal ba ta cikin wannan bayani, don ba ta da buji. Sababbin motoci ma ba su ciki, don na'ura ce ke saita masu wuta.

YADDA INJI KE AIKI

Cikin inji akwai silinda. Cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Fistin ya sauka, ya zuƙo fetur da iska. Ya hau, ya matse su. Sai buji, wanda wasu ke kira fulogi, ya ƙyasta wuta. Fetur ya kama, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan turi shi ke juya ƙafafun mota.

Abin da ke raba wa kowane buji wuta shi ake kira delko. Cikinsa akwai ƙananan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, makanikai na ce masu kwantak. Daidai lokacin da suka rabu, wuta ke tashi a buji.

Fetur ba ya ƙonewa nan take, yana ɗaukar ɗan lokaci. Don haka in inji na gudu, wuta kan zo kafin fistin ya kai ƙoli. Abin kamar lugude ne. Mata biyu na daka cikin turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin faɗuwarta. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi jinkiri, sai taɓare su yi karo, daka ya ɓaci.

Inji mai silinda huɗu, in yana juyi 3000 a minti ɗaya, wuta na tashi sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Kuskure kaɗan, sai ya maimaita kansa dubban sau kafin a kai zango.

ALAMUN WUTA MAI GAGGAWA

In wuta ta riga lokacinta, fetur na ture fistin tun yana hawa. Za a ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. An fi jin ƙarar wajen hawan tudun rairayi da kaya. Wajen tayarwa kuma, inji na turjewa kamar batir ya yi sanyi. In aka ci gaba da tafiya haka, kan fistin na iya hujewa. Daga nan sai an sauke inji, kuɗi masu yawa sun tafi.

ALAMUN WUTA MAI JINKIRI

In wuta ta makara, fistin ya riga ya juya ƙasa kafin fetur ya kama sosai. Mota ba ta da ƙarfi. Tudun da take hawa da giya ta biyu, sai ta nemi ta ɗaya. Tana shan fetur fiye da kima. Inji na zafi, ruwa na tafasa, bakin salansa na yin zafi ƙwarai.

Wannan ya fi yawa, don ɗan ƙafar kwantak na cinyewa a hankali. Ƙura na ƙara cinye shi. Yana cinyewa, ratar kwantak na raguwa, wuta na ƙara makara.

Amma a lura, ba kowane zafin inji ke zuwa daga wuta ba. A fara duba ruwa, da bel ɗin fanka, da mai.

KAYAN AIKI

Ba a bukatar kaya masu tsada. Sifana, da abin kwance sukuru, da ƙwan fitilar mota mai bolt 12 da waya biyu. Sai ma'aunin rata, wato siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki.

YADDA AKE SAITAWA

1. A tsai da mota wuri mai daidai. A fid da giya, a ja birkin hannu, a kashe inji.

2. A buɗe murfin delko, a share ƙura. A juya inji da hannu har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa. A auna ratar. A Land Rover mai delko samfurin Lucas, milimita 0,35 zuwa 0,40 ne. A Toyota, milimita 0,45. Rata ake fara gyarawa, don ita ma tana canza lokacin wuta.

3. A nemo shaida. A Land Rover samfuri na uku, akwai tsaga a bakin fulin gaban inji, da ɗan ƙarfe mai nuni kusa da shi. A Toyota, ɗan dunƙulen ƙarfe ne a jikin babban faifan bayan inji, ana hango shi ta wata ƴar taga.

4. A juya inji ta hanyar da ya saba juyawa, har shaida ta zo daidai abin nuni. A duba ɗan hannun da ke juyi cikin delko. Lalle ya fuskanci wayar silinda ta ɗaya, wadda ke gaba kusa da fanka. In ya juya mata baya, a ƙara wa inji juyi ɗaya.

5. A ɗaura waya ɗaya ta ƙwan fitila kan siririyar wayar da ke shiga delko. Ɗayar a manna ta jikin inji. A murɗa makulli, amma kada a tayar.

6. A sassauta kusar da ta riƙe delko. A juya shi kaɗan ta inda ɗan hannun ke bi, har fitila ta mutu. Sa'an nan a komo da shi baya sannu sannu. Da zarar fitila ta kama, a tsaya nan. A ɗaure kusa.

7. A kashe makulli, don barinsa buɗe na ƙona bobin. A mai da murfi. Kada a rikita wayoyin buji. Jerin wuta na Land Rover mai silinda huɗu shi ne 1-3-4-2. Na Toyota mai shida shi ne 1-5-3-6-2-4.

DIGIRI NAWA?

Juyi ɗaya na inji digiri 360 ne. Toyota mai injin 2F tana son wuta digiri 7 kafin ƙoli. Land Rover kuwa, kamfaninta ya ba da lamba daga digiri 6 kafin ƙoli zuwa digiri 3 bayansa. Ya danganta ga irin injin da ƙarfin fetur. Fetur mai rauni yana son a ɗan jinkirta wuta.

Wannan ya shafi direbobin Difa ƙwarai. Tun 2011 matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ke tace man Agadem. Amma akwai kuma fetur na kwalba, wanda ake kira ruwa-ruwa, ba kullum ƙarfinsa ke zama ɗaya ba. In an canza fetur, inji ya soma ƙarar tsakuwa, a saurare shi.

Delko yana juyi ɗaya ne in inji ya yi biyu. Saboda haka digiri ɗaya a delko, biyu ne a inji. A taɓa shi da hankali.

GWAJI A HANYA

A bari inji ya yi ɗumi. A hau hanya mai ƙarfi, a sa giya ta ƙarshe, ana tafiya a hankali. Sai a taka totur har ƙasa. In an ji ƙarar tsakuwa, a tsaya, a juya delko ɗan kaɗan ta inda ɗan hannun ke bi. A sake gwadawa har ƙarar ta ɓace.

In inji na gudu, delko na ƙara wa wuta sauri da kansa. Wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi ke yin wannan aiki, tare da wani siririn tiyo mai zuwa daga kafireto. A duba tiyon kada ya tsage. A ɗiga ɗigon mai biyu ƙarƙashin ɗan hannun delko, don kada ƙarafan su cije.

HATTARA

A naɗe babbar riga da jelar rawani kafin a sunkuya kan inji, fanka ba ta da sabo. Kada a kama wayar buji inji na aiki. Kada a sha taba kusa da fetur. Kada a buɗe murfin ruwa inji na tafasa.

Direba ya gyara wutarsa tun yana Difa ko Maine-Sorowa, inda akwai gareji da inuwa. Ya ajiye kwantak sabo, da buji, da ƙwan fitila cikin akwatin kayan aiki. Ya koya wa yaron motarsa. Fasinja ma in ya ji ƙarar tsakuwa, ya ce: «Malam direba, a duba wutar nan tun ba a yi nisa ba.» Kowa kuma ya riƙe ruwan shansa. Rigakafi ya fi magani.