Yaranmu na son karatu, amma ina za su zauna?

Duk wanda ya bi ta Albarika da dare a lokacin jarrabawar BEPC zai ga yara a ƙarƙashin fitilun titi, kowa da littafin rubutunsa a hannu. A ajina, ɗalibai uku ke raba littafi guda. In an tashi lakwal kuwa shi ke nan, gida ba wurin zama, ba littafi.

Abin mamaki, a nan Benin aka fara shirin CLAC a 1986, wato ƙananan ɗakunan karatu na jama'a da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta tallafa, kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Jami'ar Parakou ma tun 2001 take, ga ta nan a unguwarmu, sai dai laburarenta na ɗalibanta ne.

Roƙonmu ga magadan garin Parakou da Djougou bai da yawa: ɗaki guda a Zongo, da wuta, da ma'aikaci wanda albashinsa ke cikin kasafin kuɗin kowace shekara. Littattafai kuma, na Faransanci da Larabci da Hausa har da ajami, attajiranmu su kawo. Wannan ma ai sadaka ce mai gudana.