Kiran Minti 20 a Mako: Yadda Ƙaramar Waya Ta Koya wa Yara Lissafi Lokacin Korona

A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda cutar korona, kuma yawancin 'yan firamare ba su sake shiga aji ba sai wajen watan Oktoba. A shafukan fasaha na duniya kuwa, hirar da ake yi a lokacin ita ce ta Zoom da Google Classroom. Amma a gidan da babbar waya ɗaya ce tal, ita ma tana aljihun yaya ko maigida daga safe har dare, wannan hira ba ta da wurin zama. Awa ɗaya a Zoom da bidiyo a kunne tana cin ɗaruruwan megabait, ga matsalar caji, ga sabis da ke zuwa yana ɗaukewa. Jihohi da dama sun koma ga darussan rediyo da talabijin. Sun taimaka, sai dai rediyo ba ya jin amsar yaro, bai san ko ya gane ko kansa ya ɗaure ba.

Wani gwaji da aka yi a ƙasar Botswana ya bi ta wata hanya dabam, da na'urar da kowa ya raina: ƙaramar waya mai madannai, wadda samari ke wa laƙabi da rakani-kashi.

Wata ƙungiya mai suna Young 1ove, wadda yanzu ake kira Youth Impact, ta tattara lambobin wayar iyalai kusan 4,500 masu yara a firamare daidai lokacin da ake rufe makarantu. Aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko ba a aika musu komai ba. Kashi na biyu suna samun saƙon tes duk mako ɗauke da 'yan tambayoyin lissafi. Kashi na uku suna samun saƙon, sannan malami ya kira su na kimanin minti 15 zuwa 20, a buɗe muryar wayar yadda uwa da yaro za su ji tare, a warware tambayoyin baki da baki.

Noam Angrist da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon a mujallar Nature Human Behaviour a 2022. Saƙon tes shi kaɗai bai yi wani tasirin a zo a gani ba. Amma inda aka haɗa shi da kira, adadin yaran da ba su iya ko ɗaya daga cikin tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa ba ya ragu da kusan kashi 31 cikin 100. Babu manhaja, babu data, babu abin saukewa.

Ga duk mai rubuta manhaja, wannan sakamako yana da ɗan ɗaci. An saba ɗauka cewa matsalar ilimi matsala ce ta isar da darasi: a ɗora bidiyo, a tura saƙo, shi ke nan. To ai saƙon tes ya isar da darasin har cikin ɗaki, amma bai wadatar ba. Abin da ya yi aiki shi ne mutum a ɗaya ɓangaren da ke sauraro. A ce an ba yarinya 34 a tara da 47, ta ce 71. Saƙo ba zai san abin da ya faru ba. Malamin da ke kan layi kuwa nan take zai gane ta tara 4 da 7 ta samu 11, ta rubuta 1, ta manta ɗayan da za ta ɗauka zuwa gidan gomomi. Gyaran minti biyu ne, amma idan ba a yi shi ba haka za ta tafi da shi har aji shida.

Tushen wannan dabara shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, na koyar da yaro daga inda fahimtarsa ta tsaya maimakon daga ajin da aka rubuta sunansa. Ɗan aji biyar da bai iya ɗebewa ba, da ɗebewa za a fara masa. Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa: shirin KaLMA da aka soma a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano a kansa aka gina shi, kuma da aka rufe makarantu ya koma amfani da rediyo da saƙonnin waya.

Daga baya an maimaita gwajin Botswana a Indiya, Kenya, Nepal, Filifin da Uganda, kuma kiran wayar ya sake yin tasiri. Sai dai ba ko'ina aka dace ba. A Saliyo an gwada kiran yara don ƙarfafa darussan rediyo, masu binciken suka ce ba su ga ƙarin ilimi ba. Ke nan kira kawai ba shi ne maganin ba. Abin da ake faɗa a cikin kiran, da ko ya dace da matakin yaron, shi ne magana.

Akwai wani ƙaramin tarko da ke jiran duk wanda zai tura darasi da Hausa ta tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya sani. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin jerin. Da zarar guda ɗaya ya shiga, wayar za ta sauya saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsarin da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, sai saƙo ɗaya ya koma uku, kuɗin ma ya ninka. Wasu ƙananan wayoyin ma akwati kawai za su nuna a gurbin harafin. Ga malamar da za ta tura wa iyaye 60 daga katin aljihunta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A lissafi dai a haƙura da lanƙwasar. A darasin karatu kuwa, inda "kasa" da "ƙasa" kalmomi biyu ne, gara a biya.

Inda akwai babbar waya, saƙon murya na WhatsApp ya fi bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba, don na minti ɗaya ba ya ko kusantar megabait ɗaya, kuma uwar da ba ta yi boko ba za ta iya sauraro ta sa ido. A Najeriya akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, mai ɗauke da darussan firamare kyauta. Masu tsoron miƙa wa ƙani wayarsu kada ya ɓace cikin TikTok ko ya leƙa hotuna, Android tana da saitin maƙale manhaja ɗaya a allo tun daga sigarta ta 5. Yawanci yana ƙarƙashin sashen tsaro, kuma idan aka kunna shi da makulli, yaro ba zai fita daga manhajar ba sai da lambar sirri.

Korona ta lafa, amma rufe makarantu bai ƙare ba. Ambaliya tana rufe su, yajin aikin malamai yana rufe su, matsalar tsaro ta rufe su a jihohi irin su Zamfara da Katsina da Neja. A irin wannan lokaci, ɗalibin jami'a da ke Zariya ko mai sayar da kayan waya a Farm Centre yana da duk abin da malaman Botswana suka yi aiki da shi: lambar wayar gida, kati na minti 20, da tambayoyi huɗu, ɗaya ta tarawa, ɗaya ta ɗebewa, ɗaya ta ninkawa, ɗaya ta rabawa. Inda ƙanin ya fara tuntuɓe, nan ne darasin wannan makon. Kafin a kashe waya a ba shi tambaya ɗaya ta gwaji. In ya ci, mako mai zuwa a matsa gaba, in bai ci ba a sake zagayowa kanta da wasu lambobin.