Asusun taimako: yadda ƙungiyar mata take tara kuɗin agaji

Ƴar'uwa mai karatu, babu garin da za a rasa mace mai naƙuda wadda ake son a kai ta likita cikin dare. Babu garin da za a rasa marayu, ko tsohuwar da rumbunta ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Mata da yawa sun haɗa kansu ƙungiya domin su agaza wa irin waɗannan mutane. Niyyar tana da kyau, amma mai mota ba ya ɗaukar maras lafiya sai an biya shi. To, daga ina kuɗin za su fito?

Wasu ƙungiyoyi suna zaman jiran puroje ya kawo musu. Shekara ta wuce, wata ta biyo, taro ya watse. Alhali kuwa akwai hanyar da aka jarraba a nan ƙasarmu, ta kuma yi kyau.

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma wani aiki tare da matan karkara a jihar Maraɗi. Wata mace ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes, ita ce ta jagoranci aikin, kuma garin Kagadama yana cikin wuraren da aka fara. Sunan aikin Mata Masu Dubara. Ba a ba matan jari ba. Horo aka ba su, suka riƙa zuba nasu kuɗin cikin akwati kowane mako. Daga baya dubarar ta bazu zuwa Tawa, Damagaram da sauran jihohi, har ta ƙetare iyaka zuwa ƙasashe kamar Mali, Mozambik, Zimbabuwe da Uganda.

Kin san adashi: kowa ta zuba, mutum ɗaya ta kwashe, mako na gaba wata ta kwashe. Amma rashin lafiya ba ya jiran ranar kwasarki. A tsarin Mata Masu Dubara kuɗi suna taruwa cikin akwati. Wadda take da bukata ta ci bashi, ta mayar da ɗan ƙari, sau da yawa kashi 10 cikin 100 a wata. Bayan wata 9 zuwa 12 a fasa asusu, a raba uwar kuɗi da riba. Wasu mata ba su yarda da wannan ƙari ba saboda addini. Irin waɗannan sai su ba da rance ba ƙari, su nemi riba ta hanyar saye da sayarwa. Ku tattauna wannan tun ranar farko, kada ya raba ku daga baya.

Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo 3. Mata 3 suke riƙe da makullai, kowace da nata, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, wadda ba ta da makulli. Ba a buɗe shi sai a gaban taro. A ƙirga kuɗi da babbar murya, kowa ta ji, kowa ta gani. Wannan ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ga ita ma'ajiya kanta, domin idan wani a gidanta ya matsa mata ta ara masa, sai ta ce makulli ba ya hannunta, kuma gaskiya ta faɗa.

Aljihu biyu

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Kuɗin ajiya daban, kuɗin taimako daban. Na ajiya naku ne, za su komo muku ranar rabo. Na taimako kuwa an ba da su ke nan, ba a cin bashin sana'a daga cikinsu. A sa su cikin jaka ta dabam a cikin akwati, a rubuta su a shafi na dabam.

Bari mu yi lissafi a misali. Ku mata 30 ne. Kowace ta zuba dala 20 na ajiya da dala 5 na taimako duk mako. Na ajiya sun kama jika 3 a mako. Na taimako sun kama dala 150. Bayan mako 40, aljihun taimako ya tara jika 30, in ba a taɓa shi ba. Dala 5 ba ta cika tukunya, amma jika 30 tana biyan mota da magani ga mata da dama.

Ku kafa doka tun masifa ba ta zo ba. Wa za a taimaka? Ƴan ƙungiya kaɗai, ko har da sauran mabukatan gari? Nawa ake ba mai haihuwa, nawa ake ba wadda gobara ta cinye wa ɗaki? Kyauta ce ko rance maras ƙari? Idan aka bari sai ranar da abu ya faru, zumunta da jin nauyi su ne za su yanke hukunci, wadda ba ta da baki kuwa a manta da ita. A ganina kada a sa biki da zanen suna cikin wannan aljihu. Waɗannan an san da zuwansu tun da nisa, kuma su ne suke saurin ƙarar da asusu.

Gudummawar gari

Idan mutanen gari suka ga kun soma da kanku, ba za su ƙi sa hannu ba. Ku je wurin maigari ku roƙi aron gona. A kira gayya, samari su yi noma, ƙungiya ta dafa abinci. Abin da aka girbe na aljihun taimako ne. Da kaka kuma, lokacin da hatsi yake araha, ku bi gida gida ku nemi tiya ɗaya ɗaya. Manomi ya fi sauƙin ba da hatsi da kaka bisa ga ba da kuɗi da bazara.

Hatsin nan a ajiye shi a wuri mai kyau har lokacin tsada. Waɗanda suka ga shekarar 2005 ba su manta ba. Fari da fara sun ɓata amfanin gona na 2004, hatsi ya yi tsada ƙwarai, yara da yawa suka rame a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Saboda irin wannan shekara ake kafa bankin cimaka: a saya da kaka, a sayar wa mutanen gari da rangwame lokacin da rumbuna suka ƙare. Amma fa a sayar da farashin da zai iya sake cika rumbu baɗi. Bankin da ya ba da hatsinsa duka bashi, shekara ɗaya yake yi.

Ku sanar da liman aikinku, domin sadaka da zakka suna neman hannun da zai kai su ga mabukata. Zakkar hatsin damina dami 1 ce cikin 10 idan ya kai nisabi, kuma tana da waɗanda aka ƙayyade a ba. Saboda haka kada a haɗa ta da sauran kuɗi, a tambayi malam. Kada ku manta da ƴan ci-rani da suke Kano, Legas ko Abijan. Da yawansu suna son yin alheri a garinsu, abin da suke tsoro shi ne a cinye. Duk wanda ya ba da wani abu, a gaya masa inda ya tafi. Sau ɗaya a shekara ku tara jama'a a ƙofar maigari, ku karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sunan wanda aka taimaka kuwa a sakaya shi, domin talauci bai hana mutum son mutuncinsa ba.

Taimakon waje, na puroje ko na hukuma, ya zo daga ƙarshe. Na taɓa ganin wata ƙungiya da ta yi shekara 3 tana tafiya lafiya da kuɗinta. Sai aka kawo mata tallafi mai yawa, aka zuba cikin akwati ɗaya da na ajiya. Masu bashi suka daina biya, suna cewa ai kuɗin puroje ne, ba na kowa ba. Kafin kaka ta zagayo, taron ya mutu. Idan aka kawo muku tallafi, ku karɓa domin aiki sananne, kamar ginin rumbu ko sayen injin niƙa, a kuma buɗe masa shafinsa.

Matan farko na Mata Masu Dubara da ka suke riƙe lissafi, domin kaɗan ne cikinsu suka iya rubutu. Ƙwaƙwalwa tana riƙe bashin mutum 30. Amma idan aka ƙara da hatsi, da zakka, da saƙon ƴan ci-rani, sai littafi. Kada ku bar littafin ga magatakardiya ita kaɗai. A ajin yaƙi da jahilci na wannan mako, ki roƙi mai koyar da ku ya zana muku shafi mai gida 4 a allo: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya saura. Ki kwafe shi a littafinki, ki je da shi taron ƙungiya na gaba.