Wa Ya Faɗa, Wa Ya Ke Ji? Nazari Kan Magana a Wayar Hannun Ɗalibai

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wata muhawara ce da ta tashi a ajin nazarin ma'ana, ran da mu ke bitar kalmar nan "wai". Na kawo misali da irin saƙonnin da a ke turawa ta waya, ban ankara ba sai darasi ya kuɓuce mini, ɗalibai suka shiga tattauna yadda su ke amfani da wayoyinsu, da abin da su ke gaskatawa, da abin da su ke tsoron a gani. Na ƙyale su, don na lura maganar ba ta fita daga fagenmu ba. Sanin masana harshe ne cewa kowace magana tana tsaye bisa abu huɗu, watau mai faɗa, da mai ji, da lokacin da aka faɗa, da wurin da aka faɗa. Nufina a nan shi ne in nuna yadda waya ta gurɓata huɗun nan, musamman biyun farko, da kuma abin da wannan ya jawo wa mai karatu a jami'a.

Bari mu fara da mai faɗa. Bahaushe ba ya sakin labari haka kawai ba tare da ya nuna inda ya samo shi ba, kuma harshen da kansa ya tanadar masa kayan yin haka. A duba jimlolin nan:

(a) Gadar ta karye.
(b) An ce gadar ta karye.
(c) Wai gadar ta karye.

A ta farko mai magana ya ɗauki nauyin zancen, in ta zama ƙarya shi za a kama. A ta biyu ya jingina shi ga wani wanda bai ambata ba, ya fake da wakilin sunan nan "an" wanda ba ya nuna kowa. A ta uku kuwa ya ƙara ja da baya, har mai sauraro ya kan ji ƙanshin shakka a bakinsa. In labari ya bi baki goma, galibi ya kan iso da waɗannan alamu a jikinsa: "na ji an ce wai". Mai ji kuma sai ya rage masa daraja gwargwadon nisan tafiyar da ya yi. Ko kalmar "jita-jita" kanta, kunne yana tsinkayar "ji" a cikinta har sau biyu. Tatsuniya ma, wadda kowa ya san ƙaga ta aka yi, tana da mabuɗinta da marufinta, don kada yaro ya ɗauke ta labarin gaske.

To, saƙon da a ke turawa ta waya ba ya bin baki, kwafarsa a ke yi baƙi da baƙi. Wanda ya fara rubuta "na gani da idona" shi kaɗai ya san ko ya gani, amma jimlar za ta isa waya ta dubu tana nan yadda ta ke, ba wanda ya liƙa mata "wai" a hanya. Sai ya zamana "na" ɗin nan ba shi da mai shi. Mai karɓa kuwa, da ya ke daga wajen kawunsa ko malaminsa saƙon ya shigo, sai ya ɗora amincin kawun a kan maganar wani baƙo da ba wanda ya san shi. Haka abin ya ke ga "jiya" da "yau" da "nan garin". Waɗannan kalmomi ba su da ma'ana sai an san ranar da aka faɗe su da inda aka tsaya. Shi ya sa a kan ga saƙon da ya shekara biyar yana yawo, har yanzu yana cewa abin ya faru jiya da daddare.

Mafi yawan ɗaliban ajin suna yara a 2014, amma kusan kowa ya tuna da ruwan gishiri. A watan Yuli na shekarar wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da cutar Ebola. Cikin farkon watan Agusta sai wani saƙo ya game ƙasa a dare ɗaya, cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar. Aka riƙa tashin mutane da asuba ana ɗora tukunya. Hukumomin lafiya suka fito suka ƙaryata, amma jaridu sun ba da labarin mutuwar aƙalla mutum biyu sabo da yawan gishirin da suka sha, wasu kuma aka kwantar da su asibiti. Ita cutar kanta mutum 8 ta kashe a Nijeriya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da ita ran 20 ga Oktoba. Abin lura shi ne, waɗanda suka yaɗa saƙon ba maƙaryata ba ne. Uwa ce ta kira ɗanta, wa ya kira ƙanensa, kowa don ƙauna. Na tambayi ajin wa ya fara faɗa, ba wanda ya taɓa tambayar kansa haka.

Wani ɗalibi ya kawo hujja mai ƙarfi. A ganinsa matsalar ta rubutu ce da murya, amma in da hoto ai magana ta ƙare, tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji. Karin maganar gaskiya ne a zamanin da ido ba ya ganin abu sai yana wurin. Hoto kuwa yana nuna abin da ya faru, amma ba ya faɗin ina ne ko yaushe ne. Wannan sai rubutun da aka sa a ƙarƙashinsa, rubutun nan kuwa ji ne, ba gani ba. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin da aka yi a Jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook da sunan can aka ɗauke su. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna ɗaya daga cikin bidiyon a Kwango-Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Yanzu kuma an kai matsayin da na'ura ke ƙaga hoto da muryar mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Kamfanonin ba su rasa sanin wannan ba. A 2018 WhatsApp ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da ita wuri ɗaya ga saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa. Muna iya kiran alamar nan "wai" ɗin na'ura. Amma raunanniyar "wai" ce, gama ba ta faɗin wanda ya ce, kuma duk wanda ya kwafe rubutun ya sake liƙa shi ya shafe ta. Ɗaliban da suka yi karatun hadisi ba su sha wahalar gane wannan ba, don sun san malaman fannin ba su karɓar matani sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum. Abin mamaki shi ne yadda mai wannan horo ya kan ajiye shi da zarar ya ɗauki waya.

Sai mu juya ga mai ji, wanda a ganina nan ne ɗalibai suka fi yin sake. Da na tambayi abin da su ke yi don tsare sirrinsu, amsar kusan ɗaya ce: sun sa wa waya lambar kullewa. Daga wa? Daga ƙane mai bincike, da abokin ɗaki, da mahaifi. Watau duk wanda su ke tsoro mutum ne mai ido wanda su ka sani. Wannan ya dace da yadda muka gaji abin. Gidan Bahaushe an gina shi ne bisa matakan ji da gani: baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, tsakar gida sai muharrami, turaka kuwa ta mai gida ce. Ba a shiga sai da sallama, kuma kana ganin wanda ya shigo. Waya ta tsallake duk matakan nan, tana kwana a ƙarƙashin matashi, alhali kuwa ƙofarta a buɗe ta ke ga waɗanda ba su sallama.

Wata ɗaliba ta ce ai saƙonnin WhatsApp a kulle su ke, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Haka ne, tun 2016 aka kulle su daga waya zuwa waya. Sai dai akwai abin da ke cikin wasiƙa, akwai kuma abin da ke bayan ambulan. Lambar mutum, da lambobin da ke cikin wayarsa in ya ba da izini, da lokutan da ya ke hawa, da irin wayar da ya ke riƙe da ita, duk ba su shiga wannan kulli ba. Wanda ya zauna a ƙofar gida wata guda yana lura da masu shiga da fita, ko bai ji kalma ɗaya ba, ya san mai neman aure, ya san mai bin bashi.

A nan akwai wata ƙa'ida ta harshe da ta cancanci a tsaya a kanta. J. L. Austin, a littafinsa da aka buga a 1962, ya nuna akwai jimlolin da ba labari su ke bayarwa ba, faɗarsu ita ce aikin. In mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. In waliyyi ya ce "na ba da", aure ya ɗauru. Irin wannan magana ba ta inganta sai mai yin ta ya san abin da ya ke sallamawa, shi ya sa a ke yin ta a gaban shaidu, a bayyana kuɗi ko sadaki kowa ya ji. "Na yarda" ɗin da a ke latsawa kafin a sauke manhaja daga wannan jinsi ta ke. Amma sharuɗɗan dogaye ne, da Ingilishin lauyoyi, kuma a ajin nan ban sami wanda ya ce ya taɓa karanta ɗaya har ƙarshe ba. Ni ma da na yi tambayar ban taɓa ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, sau da yawa ba sirrin mutum kaɗai ya ke sallamawa ba. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai kai miliyan 87, alhali waɗanda suka sauke manhajar da aka tara bayanan da ita ba su wuce wajen 270,000 ba. Sauran abokansu ne, waɗanda ba a tambaye su kome ba. A 2019 hukumar ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Mu ma mun ga irinsa a gida, wajen wasu manhajojin ba da rance. Mai nema ya kan ba su izinin ganin lambobin wayarsa, ran da ya gaza biya sai a aika wa surukinsa da malaminsa da abokan karatunsa saƙon cewa wane ɓarawo ne. Ɗalibai da dama sun ce sun taɓa samun irin wannan saƙo game da wani da suka sani. Gwamnati ta tashi a kan lamarin: an fitar da ƙa'idojin kare bayanai a 2019, sa'an nan a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan cikakkiyar doka, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba mutum ikon ya nemi sanin abin da aka tara game da shi, ya sa a gyara ko a goge, ya kuma janye yardarsa.

Wannan ya kawo mu ga batun suna, wanda shi ne ainihin aikin sashenmu. Masu fassara a rediyo da jaridu sun saba cewa "bayanan sirri". "Sirri" da "asiri" duka daga tushe guda na Larabci suka fito, amma Hausa ta raba musu aiki. Sirri abu ne da ka ɓoye da kanka. Asiri kuwa, in muka bar ma'anarsa ta sihiri, a kan rufa shi ne ko a tona, kuma yawanci wani ne ke rufa maka: maƙwabci ya san halin da ka ke ciki ya yi shiru, mu kan kuma roƙi Allah ya rufa asiri. Illar cewa "bayanan sirri" ita ce, ɗalibi ya kan amsa da cewa shi ba shi da abin ɓoyewa. Da gaskiyarsa, gama lambar wayarsa da sunan unguwarsu da ranar haihuwarsa ba sirri ba ne, mutane ɗari sun san su. Ɓarnar tana zuwa ne sa'ad da aka tattara su wuri ɗaya, aka kai su inda ba don can aka bayar ba. Abin da likita ya sani game da kai daidai ne a ɗakinsa, tonon asiri ne a kasuwa. Sabo da haka ni na fi karkata ga a ce "bayanan mutum" ga su kayan, a kuma ce "rufin asiri" ga haƙƙin, domin wannan ya ɗora nauyin a kan wanda aka ba ajiya, kamar yadda dokar 2023 ta yi.

Ba duka ajin suka yarda da ni ba. Wasu sun ce "rufin asiri" ya riga ya tafi ga ma'anar samun abin biyan bukata, har in an ce wane yana da rufin asiri, abin da a ke nufi ba ya roƙo, don haka mai sauraron rediyo zai ruɗe. Wani kuma ya kawo "amana", yana cewa ita ta fi nuna ajiya. Na ba su aikin mako biyu: kowa ya tattaro saƙonni goma da aka turo masa, ya ja layi a ƙarƙashin kowane "na" da "jiya" da "nan", ya rubuta wanda kalmar ke nufi in ya iya gano shi, sa'an nan ya buɗe wayarsa ya lissafa manhajojin da ya ba izinin ganin lambobin mutanensa. Abin da suka kawo, da muhawarar "amana" da "rufin asiri", su za mu duba a takarda ta gaba.