Yadda Awo Ya Tona Asirin Gubar Dalma A Zamfara

'Yan'uwa manoma, ba kowace guba ake ganinta da ido ba. A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikin Jihar Zamfara. Ba wanda ya kula. Daga baya yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga. Aka yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, amma a banza. Yara fiye da 400 suka rasu.

Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jinin yaran suka aika da shi ɗakin awo a Turai, sa'an nan aka gane gubar dalma ce. Tana cikin duwatsun da ake daka ana niƙawa a tsakar gida domin neman zinariya. Ƙurar ta bi ƙasa, yara kuwa a ƙasa suke rarrafe, hannu a baki.

Masana suka zo da wata na'ura da ake riƙewa a hannu. A ɗora bakinta a kan ƙasa, nan da nan ta nuna yawan dalmar da ke ciki. Gida gida suka bi, da bakin rijiya, da wurin injin niƙa. A lokacin, ma'aunin Amurka ga ƙasar tsakar gida kashi 400 ne cikin miliyan. A waɗansu wurare an sami fiye da 100,000. Na'urar auna jini kuwa iyakarta 65, yara da yawa sun zarce abin da take iya karantawa.

Mu lura da amfanin wannan awo. Maganin asibiti ba ya tsare yaro idan zai koma gidan da gubar take. Saboda haka sai da aka kankare saman ƙasa aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa, aka sāke aunawa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai 2013.

Idan dabbobinmu suka fara mutuwa kusa da wurin haƙa, ko inda maganin feshi ya zube, mu sanar da malamin tsabta tun da wuri. Kada mu share wurin kafin su zo. In an ce mu ɗebi ruwa, mu sa a kwalba mai tsabta, mu rubuta sunan rijiyar da ranar. Tafasa ruwa ba ya fitar da dalma.