Me Ya Sa Babur Ke Kasa Jan Ruwa Da Rani?

Daga Maiurno har zuwa nan Madani, lambunan bakin Bahar Azrak da babur suke sha, wato injin ban ruwa. A watan Agusta kogi cike yake, ba mai kuka. Amma da rani ya yi nisa, ruwa ya janye, sai ka ji ana cewa, "Ai babur ɗin nan ya mutu." Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau.

Abin da muka koya a darasin kimiyya shi ne, babur ba ya jan ruwa yadda ake jan guga. Matsin da ke cikin tiyo yake ragewa, sai nauyin iskar da ke danne fuskar kogi ya turo ruwan sama. Kamar ƙahon wanzami ne: ya zuƙe iska, fata ta taso. To, nauyin iskar nan yana da iyaka. Komai girman inji, ba zai zuƙo ruwa fiye da tsayin mita 10 ba, a aikace ma mita 6 ko 7 ne. Wani mutumin Italiya, Torricelli, shi ya bayyana dalilin a 1643. Ya gwada da zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sosai, ta tsaya a santimita 76.

Shi ya sa agogon awon zuƙa, wanda ake ɗaurawa a bakin babur ta wajen shigar ruwa, yakan zo da lamba daga 0 zuwa 76. Kowace mita ta ruwa tana cin kamar bakwai da rabi. Idan babur yana mita 5 sama da fuskar kogi, allura za ta tsaya wajen 40 ko sama kaɗan. In ta faɗi ƙasa sosai, ko tana rawa, iska ce ke shiga ta mahaɗi ko ta tsagar tiyo. In kuma ta haura wajen 60 ruwan yana zuwa kaɗan-kaɗan, to laka ko ciyawa ta toshe rariyar gindi, ko kogin ya yi ƙasa da yawa. Lokacin ne ake jin ƙara kamar tsakuwa a ciki, kuma fankar injin ce ke cinyewa.

A nan ne iyayenmu da yawa ke asara, a ganinmu. Akan ƙara tsawon tiyo, a ƙona mai, a kira makaniki, albasa da tumatir suna yaushi. Alhali tsayin da ke tsakanin babur da fuskar ruwa shi ne damuwar. A sauko da shi gangare mita biyu, a cika tiyon da ruwa, a sake tayarwa.